Hannun da Bai Fito a Hoto Ba

Ku da kuke bin labarina, ku yi min uzuri idan rubutun yau ya zo muku a hargitse. Da babban yatsan hagu nake danna wayar, kuma kafin ku kai ƙarshe za ku gane dalili.

Wata 'yar kyamara ce ta ja min duk wannan. Ƙarama ce, launin azurfa, ba ta fi sabulun wanka girma ba. Gefenta ɗaya ya goge, igiyar da ake sa wa a wuyan hannu ta yi baƙi don tsufa. Ranar Lahadi da yamma Injiniya ya kawo ta cikin jakarta ta fata, ya ajiye a teburin falonmu da hannu biyu.

Injiniya shi ne wanda zan aura nan da wata uku, idan Allah Ya nufa. Aikinsa gyaran na'urorin asibiti, kuma mutum ne da ba ya iya ganin abu ya lalace ya wuce. Ranar da ya fara zuwa gidanmu, kafin ya gama gaisawa da Baba ya gyara mana fankar da ta shekara tana kuka. Yaya ta ja ni kicin ta ce, "Auta, wannan ba miji kika samo ba, makanike kika samo wa gida."

"Ta mahaifina ce, Allah Ya jiƙansa," in ji shi, yana zuge jakar. "Umma ce ta aiko ni da ita."

Ya yi min bayani. Mahaifiyarsa tana da wani ƙaton albam da take ajiyewa a ƙasan akwatinta. Duk matan yayyensa uku, kafin aure, kowacce ta ɗauki hotunan gidan iyayenta da wannan kyamarar, aka wanke, aka jera a ciki. Ita Umma ba ta yarda da hoton waya ba, ta ce yau yana nan gobe an goge. Kuma sharaɗinta ɗaya ne, yarinyar ce za ta ɗauka da kanta, don a nan take gane abin da mutum yake so a gidansu. Ranar Asabar bayan la'asar zai kawo ta ta gaida su Mama, ta karɓi kayanta.

"Da hannuna zan ɗauka?" na tambaya.

"To da ƙafarki, Malama?"

Na yi dariya har da rufe baki. Da hannun hagu na rufe. Na daman yana can ƙarƙashin mayafi, na danne shi da cinyata.

Bari in faɗa muku abin da ban taɓa rubutawa a nan ba. Wata takwas ke nan hannuna na dama yana rawa. A aji ya fara. Ina koyar da yara 'yan aji biyu, ina rubuta baƙaƙe a allo, sai na ga layin alli yana fita a karkace, yaran suna ƙyalƙyala dariya wai Malama ta zana tsutsa. Na ce yunwa ce. Bayan mako biyu na tsokane idona da tsinken kwalli. Bayan wata guda na ɗauki kofin shayi, na ji cokali yana ƙara a ciki shi kaɗai. A ranar na shiga banɗaki na kulle, na yi kukan da ban taɓa yi ba, don na san wannan ƙarar. Da ita na girma.

Hannuwan Baba sun fi shekara ashirin suna rawa. Yanzu Mama ce ke ɓalla masa maɓallin riga, kuma rabin kofi ake zuba masa komai. Shekara huɗu da suka wuce an tsayar da ranar auren Yaya. Dangin mijin suka zo gaisuwa, Baba ya ɗauki kofin ruwa a gabansu, wata gwaggon mijin ta zuba masa ido har ya ajiye. Da za su tafi ta tambayi Mama a bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa, "Wannan ciwon, ana gadonsa ne?" Mako biyu bayan nan mutumin ya daina ɗaga waya. Yaya fa kenan, wadda take zura zare a allura ido rufe. Ita aka guda, balle ni.

Mama da Yaya ne kaɗai suka sani. Ranar da na nuna wa Mama, ta riƙe hannun ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ki rufe bakinki har a ɗaura. Bayan nan ciwo na kowa ne." Na ce to mu je asibiti. Ta ce, "Wane asibitin ne Injiniya ba ya shiga da akwatin aikinsa? So kike wata nas ta tare shi a baranda ta ce ta ga amaryarsa a layin masu ciwon jijiya?" Baba kuwa ta ce ko da wasa kada ya ji, don zai ce shi ya ja min.

Haka na koyi ɓoyo. Tire da hannu biyu, kofi ba ya cika, mayafi mai faɗi ko da ana zafi. Awarwaro shida sirara da Injiniya ya ba ni, masu ruwan zinariya, na cire na jefa a durowa, don da na zauna shiru sai su fara ƙara suna tona min asiri. Na ce masa ƙaiƙayi suke sa ni. Ya ce to Allah Ya sawwaƙe, zai nemo wasu.

Ranar Litinin da na dawo daga makaranta na fara ɗauka. Falonmu dama duhu gare shi, tagar tana kallon katangar maƙwabta, labulen ruwan ƙasa ne mai kauri, ƙwan lantarki ɗaya ne kuma ja-ja. Na ɗauki kujerar Baba, agogon bango, kabad ɗin gilashi da Mama ke jera farantan da ba a taɓa ci da su ba, da Mama kanta tana ninke kaya. Ina ɗaga kyamarar sai wata 'yar alama ta fito a kusurwar allon, ja, tana ƙiftawa. Na matso da ita kusa da idona. Hoton hannu ne, ɗan ƙarami, da layuka a gefensa alamar yana rawa.

Wallahi saura kaɗan in saki kyamarar a ƙasa. Na juya na duba bayana kamar akwai wanda ke leƙe.

Da Yaya ta dawo daga ofis ta cire katin memorin kyamarar ta sa a kwamfutarta. A ɗan allon kyamarar hotunan ba laifi, amma da suka buɗe a babban allo sai ga abin kunya. Komai dishi-dishi. Agogon bango ba a karanta lambobinsa, Mama tana da hanci biyu, bangon kuma cike da ɗige-ɗige kamar an watsa masa yashi.

"Wannan idan kika kai wa tsohuwa za ta ce a gidan aljanu kika tashi," in ji Yaya.

Kafin in ba ta amsa saƙon Injiniya ya shigo.

"Malama, ya aikin? Turo in gani."

Na tura guda uku, na ƙara da, "Ina ga kyamarar ta tsufa."

"A'a, kada ki yi mata sharri. Za mu gano. Amma doka ɗaya: abu ɗaya za mu riƙa canzawa a lokaci ɗaya. In muka cire duk abin da ba shi ba ne, wanda ya rage shi ne mai laifi."

Na karanta saƙon nan sau uku. Na san haka yake aiki, ya sha ba ni labarin na'urar da ta gagari mutum biyar shi ya bi ta waya-waya har ya kamo. Da can abin yana burge ni. A ranar ji na yi kamar na ɓuya a ɗaki, wani yana bin ƙofofin gidan yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Na tambaye shi maganar ɗan jan hannun, ina rubutawa ina gogewa. Ya turo alamar dariya. "Ba komai ba ne. Kowa take nuna wa in haske ya yi kaɗan. Gargaɗi take yi cewa a riƙe da kyau." Na sauke ajiyar zuciya, amma ba ta kai ƙasa ba.

Ƙofa ta farko, gilashin idon kyamarar. Ya ce in goge da tsumma mai laushi, kada in hura masa baki. Na goge, na ɗauka, na tura. Yana nan yadda yake.

Ranar Talata, ɗige-ɗigen. Ya sa na shiga wurin saiti na nemo inda aka rubuta ISO. Ta kai kanta dubu ɗaya da ɗari shida. Ya ce idan ɗaki ya yi duhu kyamara takan ƙara wa kanta ƙarfin gani, to wannan dolen da take yi wa kanta ne ke haifar da yashin. Na sauke lambar zuwa ɗari biyu. Yashin ya tafi tas, bango ya yi sumul, amma dishi-dishin ya ninka. Kujerar Baba ta koma kamar hayaƙi.

"Madalla," ya rubuto. "Mun raba ciwon gida biyu. Yanzu tana barin idonta a buɗe ya daɗe don ta sha haske. Duk abin da ya motsa a wannan lokacin, zai shafe."

Duk abin da ya motsa. Na kalli hannuna a kan cinyata, na kife wayar.

Mun gwada filashi. Fuskar Mama ta fito fari fat, idon Baba ja jawur, bayansu kuma baƙi ƙirin. Baba ya kare fuska ya ce, "Uwata, makantar da ni za ki yi kafin bikin?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min. Injiniya ya ce dama Umma ba ta son hoton filashi, a bar shi.

Ranar Laraba ba ni da darasin farko, sai ya ce in yi da safe. In yaye labule gaba ɗaya, in buɗe ƙofar falo, in kunna ƙwai. Kada in jawo hoto kusa, in taka da ƙafata in matsa. In danna maɓallin rabi, in jira ɗan akwatin da ke tsakiya ya zama kore, sannan in ƙarasa. In manna gwiwar hannuna a haƙarƙari, in riƙe numfashi. Na yi duk wannan, har da addu'a a ciki. Gumi yana bin bayana da ƙarfe takwas na safe. Kuma kun san abin haushi da wannan ciwon? Duk yadda na ƙara cewa ya tsaya, haka yake ƙara rawa.

Hotunan sun ɗan gyaru, amma har yanzu bakin komai yana da inuwa. Wannan karon bai rubuto ba, kira ya yi.

"Malama, kin san kowane hoto yana ɗauke da bayaninsa a ciki? Na duba na safiyar nan. Hasken ya isa, saurin ya isa, abin hana girgiza ma a kunne yake. A haka ya kamata ya fito."

"To ka gani, na ce maka ta tsufa."

"Wataƙila. Saura abu biyu dai. Ko wani abu ya kwance a cikinta, ko kuma riƙon ne."

Na ce, "Ka ce dai ban iya ba."

"Ni na isa? Sai an jima, ga wata na'ura tana kirana."

Mama tana bakin ƙofa, ta ji komai. Ta shigo ta tura ƙofar da ƙafa.

"Ke wai ba ki da wayo ne? Ba wa yayarki ta ɗauka, ki ce ke ce. Wa zai sani?"

Yaya, da ke zaune a gefe, ta yi kicin-kicin da fuska. "Mama, ƙarya kan ƙarya fa kenan."

"Ke za ki koya min? Na ga abin da gaskiya ta yi miki, ba zan sake gani ba a kan ƙanwarki."

Yaya ta miƙo hannu na ba ta kyamarar. Ranar Alhamis da safe ta zagaya falon cikin minti biyar ta ɗauki goma sha biyu, ni ina biye da ita kamar jela. Suka fito ras. Ana ganin zaren labule, ana ganin furannin da ke bakin farantan Mama. Na tura masa duka, na rubuta, "Ka ga yau na dace."

Amsar ta ɗan jima.

"Sun yi kyau sosai. Me kika canza?"

"Ban canza komai ba."

"Malama, abu ba ya gyara kansa."

Sai wani saƙon ya shigo. Hoton kabad ɗin Mama ne ya dawo min da shi, ya zagaye wani wuri da jan layi. A cikin gilashin kabad ɗin, tsakanin faranti da faranti, ga Yaya nan tsaye da kyamara a fuska, da ɗankwalinta kore. Ga ni a bayanta, na rungume hannuna.

"Ki gaida min Yaya, ta iya riƙo. Satar amsa a gidan malama?"

Na zauna a bakin gado. Ya buɗe ƙofa ta ƙarshe, ba abin da ya rage sai ni. Na zuba wa wayar ido ina jiran tambayar.

Ba ita ta zo ba. Ga abin da ya rubuto:

"Yanzu mun san kyamara lafiyarta ƙalau. Kada ki damu, mutane da yawa ba su saba da ƙaramar kyamara ba, ba ta da nauyin da zai zaunar da hannu. Ga mafita. Ki ɗora ta a tebur ko kan littattafai. Akwai alamar agogo a gefen maɓallin, ki zaɓi daƙiƙa goma. Ki danna, ki cire hannunki, ita za ta ƙirga ta ɗauka. Ke kika zaɓi wurin, ke kika danna, sharaɗin Umma ya cika. Kuma ki yi mana ɗaya da ku duka a ciki."

'Yan uwa, na yi sujada a tsakar ɗakin nan. Mutumin da nake tsoron ya kama ni, shi ya miƙo min wurin ɓuya.

Ranar Juma'a na kwaso littattafan aji na jera su, na ɗora kyamarar. Na danna, na ja da baya, 'yar fitilar gabanta tana ƙiftawa, ƙit. Lambar ISO tana ɗari biyu, ba yashi, ba inuwa. Na ɗauki kujerar Baba da hasken taga a kanta. Na ɗauki keken ɗinkin Mama, da takalman Yaya da ta jera a ƙasan gado, da fankar da ya gyara. Har waƙa na yi ina wanke-wanke. Mama ta ce, "Kin gani? Allah ba Ya tona asirin bawansa."

Saura hoton iyali, muka bar shi sai Asabar da rana, in kowa ya yi shirin baƙi.

Baba ya sa farar rigarsa mai aiki a wuya, Mama ta ɓalla masa maɓalli ta gyara masa hula. Ita ta sa leshi ruwan toka da sarƙarta ta fita. Yaya ta sa atamfa shuɗiya ta kafa ɗauri kamar ita za a zo gani. Ni doguwar riga na sa ruwan hoda mai duwatsu a hannu, da mayafi fari sirit wanda ba ya zama a kafaɗa. Na zaunar da Baba a kujerarsa da sandarsa a hannu, Mama a gefensa, Yaya a baya. Na saita kyamarar a kan littattafai, na ce, "Kowa ya daskare, ko ƙifta ido ban yarda ba." Na danna na rugo na zauna a hannun kujerar Baba. Mayafin ya zame, na kai hannu na riƙe shi a ƙirjina. Fitila ta ƙifta, ta ƙifta, ƙit.

Yaya ta sa a kwamfuta, muka taru a kanta. Baba ya ce a kawo masa tabarau shi ma ya gani.

Ban taɓa ganin hoto mai kyau irin wannan ba. Ana ƙirga duwatsun rigata. Ana ganin furfurar gemun Baba ɗaya-ɗaya, da ramin kumatun Yaya, da lambobin agogo, biyu da kwata. Komai ya tsaya cak.

Sai wuri biyu. A kan sandar Baba, inda hannunsa yake, babu yatsu, sai wani shafaffen abu kamar an goga yatsa a kan jiƙaƙƙen fenti. A ƙirjina kuma, inda na riƙe mayafi, ga irinsa sak. Tsakaninsu bai fi taƙi biyu ba.

Ina jin fankar tana juyawa.

Baba ya matso da fuskarsa kusa da allon. Ya daɗe. Sannan ya cire tabarau, ya juyo gare ni, bai kalli fuskata ba, hannuna ya kalla.

"Uwata, tun yaushe?"

Hawaye kawai suka zubo min.

"Motsi ta yi," in ji Mama da sauri. "Mayafi ne ya zame mata. A goge a sake, ki sa hannun a baya. Tashi, Auta, lokaci na tafiya."

"Tambayarta nake yi," in ji Baba.

"Wata takwas, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Idonsa ya kawo ruwa, ban taɓa gani ba sai ranar. Ya ce, "Ni shekara uku na ɓoye nawa a wurin aiki. Ciwon bai cinye ni kamar yadda ɓoyon ya cinye ni ba. Kullum ina lissafin wa ya gani." Ya nuna allon da sandarsa. "Hoton nan ya yi. Mu ne. Ni ba zan sake zama ba. In za ki goge, ki goge, naki ne."

Ya miƙe da ƙyar ya shige ɗaki. Mama ta bi ni da ido. "Ki tuna ranar da yayarki ta kwana uku ba ta ci abinci ba. Ni na zauna a kanta, ba shi ba."

Yaya ta rufe kwamfutar rabi. "Mama, gaskiya ne, na yi kuka. Amma kullum ina gode wa Allah da ya gudu tun ina gidanmu." Ta juyo gare ni. "Auta, ba zan ce ki tura ba, ba zan ce kada ki tura ba. Na riga na sa miki hoton a waya."

Na shiga ɗakinmu na zauna a ƙasa, na jingina da gado. Ƙarfe uku saura kwata. Ina son mutumin nan, ku sani. Ina son yadda yake cire takalmi ya jera su daidai, da yadda yake sauraron Baba har ya gama ko da maganar ta yi tsawo. Na yi tunanin gidansa, da safiyar farko da zan kai masa shayi cokali yana ƙara. Mutumin da ya gano Yaya a gilashin kabad, kwana nawa zan yi ina ɓoye masa hannu a ɗaki ɗaya? Kuma in ya gano da kansa, da wane ido zai kalli duk watannin nan?

Na zaɓi hoton. Na rubuta a ƙasa:

"Ka ce wanda ya rage shi ne mai laifi. Ka duba hannun Baba, ka duba nawa na dama. Wata takwas ke nan. Ban je asibiti ba. Awarwaron ba sa sa ni ƙaiƙayi."

Sau biyu yatsana yana kuskure wurin turawa. A na uku ya tafi.

Nan take alamar ta nuna ya karanta. Sai ga "yana rubutu". Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya sake tsayawa. Daga nan shiru.

Ƙarfe uku da rabi, shiru. Na yi sallar la'asar ban san me na karanta ba. Ƙarfe huɗu, lokacin da ya ce za su iso, shiru. Mutumin da bai taɓa makara da minti biyar ba. Mama tana kicin tana goge kofunan da ta riga ta goge, ba ta ce min uffan ba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Huɗu da rabi. Duk motar da ta wuce a layi sai in kasa kunne. Na tuna haka na Yaya ya fara, da waya da ba ta ƙara.

Biyar saura minti goma wayar ta yi haske.

"Na nuna wa Umma. Muna ƙofa."

Shi ke nan. Ba Malama, ba alamar dariya. Na juya kalmomin nan ta kowace fuska ban samu komai a ciki ba.

Na ji sallama, na ji muryar Baba yana musu maraba, na ji muryar wata dattijuwa mai kauri tana amsawa a nutse. Yaya ta leƙo. "Sun zauna. Fuskarta ba ta nuna komai. Shi kuma ƙasa yake kallo."

A kicin Mama ta haɗa tire. Ta zuba shayi rabin kofi kamar kullum, ta ce, "Bari yayarki ta kai."

"Ni zan kai, Mama. Ki cika su."

Ta kalle ni. Ta ɗaga butar ta cika.

Na koma ɗaki na jawo durowa. Suna nan a ƙarƙashin tsofaffin takardu, guda shida. Na zura su a hannun dama ɗaya bayan ɗaya, na ajiye mayafin mai faɗi na ɗauki sirit ɗin. Tun kafin in ɗaga tiren suka fara ƙara.

Daga kicin zuwa falo taku goma sha ɗaya ne. Awarwaro suna kaɗawa, cokula suna amsa musu, shayi yana zuba a faranti. Na ture labule da kafaɗa, hirar ta yanke. Na ga Injiniya ya ɗago, idonsa ja. Na ga kyamarar a kan tebur, da wani ƙaton albam a cinyar dattijuwar, a rufe. Na durƙusa a gabanta na sauke tiren, na gaishe ta.

Ba ta amsa gaisuwar ba. Ba ta kalli shayin ba. Ta ajiye albam ɗin a gefe, ta buɗe tafin hannunta a gabana.

"Ba shayin nake so ba, yarinya. Kawo hannun."

Na miƙa mata na daman, yana rawa.